Wasan da Lam Bai Rama Ba

Da ana ba mutum dama ya koma baya ya goge rana guda daga rayuwarsa, ba zan zaɓi ranar da aka sace mini jaka ba, ba zan zaɓi ranar da injin guga ya ƙone mini hannu ba. Wata safiyar Asabar zan goge, a wata kasuwa ta arewacin Paris, inda na ɗaga murya na kira abokina da wata kalma, jama'a suka kwashe da dariya. Ba zan rubuta kalmar a nan ba. Bakina ya faɗe ta iyakar faɗa, hannuna ba zai ƙara ba. Ya isa ku san cewa da ita ake zagin mutanen Asiya a Faransa.

Sunana Isufu, Bagobiri ne ni daga wani ƙauye kusa da Tibiri. Aji shida na yi a lakwal, wato makarantar boko. Bana na ajiye aiki, na fara ɗaure kayana zan koma gida gaba ɗaya. Tun muna yara malamai ke gaya mana cewa laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tuba na wanke shi, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Ban so in hau jirgi da wannan haƙƙi a wuyana ba. Labarin ke nan, amma bari in faro daga farko.

Ranar da na sauka Paris, wallahi kaina juyawa ya yi don murna. Matakala na tafiya da kanta! Jirgi na gudu a ƙarƙashin ƙasa kamar gafiya! Na tsaya ina kallon wata tsohuwa da ta sa wa karenta riga, har na manta inda za ni. A tashar Porte de la Chapelle wani mutum ya ji ina tambaya, ya amsa mini da Hausa tsantsa. Ya ce shi ɗan Madawa ne, akwai ɗaki, in jira shi nan ya kai jakar ya dawo. A jakar nan akwai rigunana, da kilishi, da hoton mahaifiyata. Har yau yana kan hanyar dawowa.

Na zauna a bakin titi tun hantsi har la'asar, sanyi na cin kunnuwana. Sai wani dogo baƙi ya wuce, ya dawo da baya, ya ƙura wa tsagen fuskata ido.

"Kai! Bagobiri? Wa ya kwance bawana ya sako shi nan ba igiya?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Daga jin wannan gurguwar Hausa, Bazabarme ne! Yaushe kuka fara sa takalmi?"

Ya rungume ni muna dariya, ni hawaye na zuba. Saini ke nan. A ranar ya kai ni gidan ma'aikata baƙi da ake kira fuwaye, ya ba ni bargonsa, ya zage ni sau goma kafin mu gama cin shinkafa. Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce faɗa muke. Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa wasa ne tun kaka da kakanni: ka zagi mutum, ya rama, daga nan gidansa gidanka ne, kuma ba ka da ikon ganinsa cikin wahala ka wuce. Ku riƙe wannan, domin a nan kuskurena ya samo tushe. Mai daɗin baki ya cuce ni, mai zagi ya cece ni, duk a yini guda.

Saini ya samar mini aiki inda yake, wani babban gidan wanki da guga da ke karɓar zannuwan otal-otal. Zafi kamar watan bazara a Maraɗi, sai na ji daɗi. Shef, wato shugaban aikin, ya haɗa ni da wani gajeren mutum mai suna Lam, ɗan Biyetnam, wanda ya girme ni da 'yan shekaru. Ya baro ƙasarsu cikin kwale-kwale, shi da matarsa. Bai cika magana ba. Faransancinsa a karye, nawa a karye, amma da hannu ya koya mini komai: yadda ake shimfiɗa zane a bakin injin, yadda ake fara guga daga kwala kafin hannun riga. Idan na lalata aiki, sai ya ɗauke a ɓoye ya sake, kada shef ya gani.

A wata na uku injin ya kama mini bayan hannu. Ba ni da takardu lokacin, ina tsoron likita. Lam ya ja ni famfo, ya riƙe hannun cikin ruwan sanyi ya daɗe, washegari ya zo da wani man shafawa cikin ƙaramin gwangwani. Kwana ashirin yana yin rabin aikina a kan nasa.

Wata rana ya gan ni ina jujjuya burodi a hannu na kasa ci. Na gaya masa miyar kuɓewa nake mafarki. Ranar Lahadi ya ɗauke ni a metiro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, har kudancin birni, unguwar da mutanensu ke da shaguna. Jama'a! Ina shiga na ga kuɓewa ɗanya shar. Na ga tsamiya. Na ga rogo, na ga busasshen kifi, na ga barkono ja irin namu mai sa mutum kuka. Na riƙa ɗaga kowanne sama ina ihu da sunansa da Hausa, masu shago na dariya, Lam ma na dariya har yana riƙe ciki. Daga nan ya kai ni gidansa. Matarsa ta dafa kifi don ta san ba na cin alade, 'yarsu ƙarama Sofi ta riƙa taɓa tsagen fuskata tana tambaya ko da zafi.

A hanyar komawa na ce a raina: mutumin nan ya wuce abokin aiki. Me zan ba shi? Ba ni da abin hannu. Abu mafi tsada da na sani shi ne abin da ke tsakanina da Saini. Sai na yanke shawarar in mai da Lam abokin wasana.

To, wasa na bukatar suna. Ina kuwa da shi a aljihu tun ina yaro. Kawuna Ɗan Tani ɗan mazan jiya ne, Faransawa sun kai shi yaƙi ƙasar da yake kira Indoshin, wato yankin su Lam. Da yamma yakan zauna gindin bedi da lambobinsa a ƙirji, yana ba mu labarin gonakin shinkafa cikin ruwa, da mutanen can, kuma da wannan kalma yake kiransu. A kunnena kalmar ƙamshin gida take yi. Na ɗauka kamar ka ce wa Bazabarme bawa ne.

Litinin da safe na shiga, na buga kafaɗar Lam, na kira shi da ita da ƙarfi. Sannan na tsaya ina murmushi, ina jiran ramuwa.

Ya dube ni. Ya mai da kansa kan zanen da yake ninkewa.

Na ce kunya ce, zai saba. Na maimaita Talata, na maimaita Laraba. Turawan da ke wurin, waɗanda a da ba sa faɗa a gabansa, da suka ji abokinsa na faɗa sai suka ɗauka. Direban kamiyo, motar da ke kai zannuwa, ya ɗauka. Shef ma ya ɗauka. Saini ya ja ni gefe.

"Bagobiri, wannan kan naka ƙwarya ce? Kakanka da kakansa sun yi alkawarin wasa ne?"

"Kishi kake, don na samu sabon bawa."

"Ni in ka zage ni ina ramawa. Shi ka taɓa ji ya rama?"

Na yi dariya na wuce. Wata huɗu ina wannan abu, Lam na ci gaba da gyara mini aikin da na ɓata.

Sai lokacin zaɓen majalisar gari ya zo. Ranar Asabar ɗin nan ina kasuwa ina sayen albasa, wani ɗan takara ya hau kan akwatin katako da lasifika a hannu. Ba zan ambaci sunansa ba. Ya fara da mu baƙaƙe, ya ce mu kam ma'aikata ne masu ladabi, har ya sauko ya ba ni hannu. Ni da ba ni da ƙuri'a ma! Kaina ya kumbura. Sannan ya koma kan akwatinsa ya ce mu dubi titin nan da kyau: shagon kusurwa ya tafi, gidan shan kofi ya tafi, su wa suka saye? Sai ya faɗi kalmar. Daga lasifika ta fito, a bakin mai kwat da lakataye.

Kun san abin da na ji? Daɗi. Na ce ashe babban mutum ma ya san kalmar Kawu. Ina waigawa sai ga Lam tafe da matarsa, Sofi na riƙe da hannunsa, kwandon cefane a ɗaya hannun. Na ɗaga hannu sama na yi ihu:

"Ga namu nan! Ga nawa nan!" Na haɗa da kalmar.

Kasuwa duka ta juya. Aka yi dariya. Wani ya ja idanunsa da yatsu. Wani ya jefa ɓawon lemo, ya sauka cikin kwandon. Ɗan takara ya ce a lasifika, "Kun ji, ba ni na faɗa ba!" Lam bai dubi kowa ba sai ni. Ya ɗauki Sofi ya saɓa, suka juya.

Litinin bai zo aiki ba. Bai sake zuwa ba. A kan injina na tarar da gwangwanin man nan, sabo, ba a buɗe ba.

A zaɓen da ya biyo baya mutumin nan ya sake hawa akwati a kasuwa guda, wannan karo mu ne muka cika unguwa, kuma yana da kalma tamu a shirye. A shekarun da suka biyo na ga irinsa da dama a talabijin. Kowa da mutanen da zai nuna da yatsa idan ƙuri'a ta yi wuya, kuma duk wanda aka kama sai ya ce ai wasa yake. Duk lokacin da na ji haka sai in kashe talabijin, domin amsar da nake ba kaina ke nan.

Rayuwa ta ci gaba. Na samu takardu, na yi aure, Allah ya ba ni ɗiya, Hadiza, mai kai kamar wuƙa. Saini ya ji labari cewa Lam ya koma Lyon ya buɗe ƙaramin shagon wanki da guga, har ya rubuta mini sunan titin. Na ninke takardar na sa cikin aljihun fasfo. Ta fi shekara ashirin a can.

Hadiza ta tafi karatun injiniya a Villeurbanne, gefen Lyon. Lokacin annobar korona ta kira ni a waya. Ta ce a cikin taram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, wani ya tashi daga kusa da ƙawarta 'yar Asiya, ya rufe hanci, ya zage ta. Ta faɗi kalmar a hankali, kamar mai ɗaukar ƙazanta da tsinke.

"Baba, wane irin mutum ne zai iya faɗar wannan?"

Na ce, "Allah ya shirya." Na ajiye waya, na kasa cin abinci.

Bana ta gama karatu, aka gayyace mu bikin ba da shaida. Na ce to, Isufu, hanya ta kai ka har ƙofa.

Kai, jirgin ƙasan Lyon! Shekaru ina Faransa ban taɓa shigarsa ba. Awa biyu kacal, gonaki na wucewa kamar ana jan tabarma, shanu farare manya-manya, kofin shayina ko motsi bai yi ba. Na kira Saini ina ihu, na ce Bazabarme, da kai ne da ka yi amai tun Paris. Ya ce in riƙe kujera da kyau, kada iska ta ɗebe sauran tsagen. Hadiza ta tarbe ni a gar, wato tashar jirgin, ta sa ni a taram, tana nuna mini manyan gine-ginen makarantarsu, ni kuwa ina gaya wa duk wanda ya dube ni cewa ɗiyata ce, injiniya ce. A ɗakinta na zaunar da ita na gaya mata komai. Da na gama ta ce, "Tashi, Baba. Ina babbar rigarka? Ai tana bukatar guga."

Da rigar a hannu muka shiga shagon, a wata unguwa kusa da kogi. Wata mata mai kimanin shekara arba'in na bayan kanta. Ta karɓi rigar, ta ɗaga kai, idonta ya tsaya a kan tsagen fuskata. Sai ta ajiye rigar.

"Na san ka," in ji ta.

"Sofi."

"Madam za ka ce."

Labule ya motsa, wani tsoho ya fito da tabarau a goshi. Ya rage tsawo, kansa fari fat. Ya dube ni, ya dubi bayan hannuna inda tabon yake.

"Isufu. Ka yi ƙiba."

Na cire hula. Na durƙusa a kan tayil ɗin shagon kamar yadda ake yi a gaban manya a garinmu, gwiwoyina na ƙara. Duk jawabin da na shirya a jirgi ya gudu. Na ce na zo neman gafara, zan koma gida, ba na so in mutu da haƙƙinsa. Ya ce in tashi kada masu wucewa su ɗauka fashi ake. Ya kawo kujeru da shayi.

"Ka san ma'anarta?" ya tambaye ni.

Na ce a'a. Na ba shi labarin Kawu da gindin bedi.

Ya ce, "Daga harshenmu aka ɗauke ta. Kalma biyu ce: ɗaya gida, ɗaya ƙauyen da aka haifi mutum. Mutumin karkara ke nan, manomi. 'Yan birninmu na faɗa wa na ƙauye don raini. Sojojin Faransa suka ji, suka murɗe ta a bakinsu, suka shafa mana duka: malami, likita, tsohuwa, jariri. Da ita suke kiran mahaifina ya zo ya ɗauki kaya. Kawunka a bakin hafsoshinsa ya ji. Ka tambaye shi da me hafsoshin ke kiransa shi?"

Ban taɓa tambaya ba. Kawu bai taɓa faɗa ba. Sai a lokacin na tuna cewa duk labaransa, bai taɓa ba mu na cikin bariki ba.

"Mahaifina manomi ne," in ji Lam. "Naka fa?"

"Manomi."

"To ka gani."

Ya ce abin da bai gane ba duk shekarun nan shi ne dalili. Ya san maƙiyi, ya ga maƙiya da yawa, ni kuwa ban yi kama da su ba. Sai na yi masa bayanin wasan Gobirawa da Zabarmawa, Hadiza na gyara mini Faransanci. Na ce kyauta na ɗauka ina ba shi. Ya saurara baki buɗe.

"Tsaya. Wato so kake in zage ka?"

"Shi nake jira kullum."

"Wata huɗu?"

"Wata huɗu."

Ya cire tabarau ya goge. Sai ya ɗauki rigata ya shimfiɗa a kan tebur, ya nuna wa Hadiza wuyan.

"Ɗiyata, dubi nan. Shi ya goge wannan da kansa, ko? Shekara talatin da wani abu a gidan guga! Na koya wa mutum ashirin aiki, babanki ne kaɗai mai hannu kamar kofaton jaki. Da ƙafa yake guga, na rantse. Shanun ƙauyensu sun fi shi iya ninke zane."

Wayyo Allah! Na yi dariya har na shaƙe, hawaye na bin tsagena. Hadiza na dariya, Lam na buga tebur. Ya ce ya yafe, ya daɗe da yafewa, amma yana so ya ji na zo da ƙafata. Da hannunsa ya goge rigar, daga wuya ya fara.

Sofi ba ta yi dariya ba. Ita ta sa rigar a leda, ta rako mu bakin ƙofa. Na ce, "Madam, ke ma ina roƙonki."

Ta ce, "Babana ya yafe nasa, shi ya san ka. Ni shekarata bakwai a lokacin. Na ɗauka kai kawuna ne. Bayan ranar nan na yi shekara ba na yarda in riƙe hannunsa a titi." Ta miƙa mini rigar. "Allah ya sanya alheri a karatun ɗiyarka. Ka sauka lafiya."

Ta rufe ƙofa a hankali.

Washegari na sa rigar nan na zauna a sahun gaba, da aka kira sunan Hadiza na miƙe na yi kabbara har Turawa suka waigo. Ban taɓa sa riga mai kyan guga irin ta ba. Amma na san abin da na samu da abin da ban samu ba. Gafara biyu na je nema, da ɗaya zan hau jirgi. Na rubuta wa Sofi wasiƙa, Hadiza ta kai. Amsa ba ta zo ba, kuma ba ni da bakin cewa ta yi laifi.

Ku 'yan'uwana da ke fitowa yanzu, masu karatu da masu neman aiki, ina roƙonku abu guda. Wasanmu abu ne mai kyau, shi ya ɗauke ni daga bakin titi. Amma na mutum biyu ne da suka yarda, kowa da bakin ramawa. Kada ku ɗauki sunan da ba ku san wanda ya ƙera shi ba ku liƙa wa ɗan mutane. Kada ku tafa wa mai lasifika don yau ba ku yake nunawa ba. In kuka tsokani mutum kuka ga ya sunkuyar da kai bai rama ba, ku tsaya nan take, ku duba ko akwai yarinya riƙe da hannunsa.